Saƙon Makka a Tsohon Rumbu

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, wadda ta haife ni kuma Bafillatana ce ta ainihi, irin waɗanda suka riƙe kunya kamar farilla. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana. Gida ɗaya ne, turmi ne kawai da igiyar shanya tsakanin ɗakunan biyu, amma ban isa in ɗaga labulen wadda ta haife ni in zauna ba sai in an aike ni. Ƙannena Inna suke ce mata. Ni Adda nake cewa, domin haka na ji ƙannenta suna kiran ta, ba kuma wanda ya ga dalilin gyara mini. In za a ba ni tuwo sai ta ce, "A miƙa wa wancan." In na yi ɓarna ta ce, "A gaya wa mutumin nan ya bari." Ko mazagin wando ban iya ɗaurawa ba, amma har na zama mutumin nan.

Kada a ɗauka ƙara nake kawowa. A Unguwar Gai ta wancan lokacin, macen da ta ɗauki ɗan farinta tana yi masa wasa a gaban mutane ta ba matan gari abin taunawa har kaka. Kakata kuwa ta sangarta ni iya sangartawa. Ni ne mai ƙanzo, ni ne mai cinyar kaza, maigida take ce mini. Ban rasa komai ba. Sai dai da yamma, in an sauke tukunya, Adda takan tsaya a bakin madafi da muciya a hannu, ta ɗan yi jim, sannan ta kira yaranta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Kullum daga na biyu take farawa. Ina ɗakin kakata da kwanona a gabana, na san sarai ba za a kira ni ba, amma sai in tsayar da loma har ta gama. Na girma, na yi gemu, ban daina wannan jiran ba.

A shekarun da sojoji suka koma bariki, aka shiga siyasa, aka kuma ƙaddamar da Shari'a, ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Rano. Albashin malami kowa ya san shi. Don haka na kama ɗan shago kusa da tasha, na sa kwamfutar tebur ta hannu da firinta da wani ɗan janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. In an tashi daga makaranta sai in buɗe. Katin ɗaurin aure nake bugawa, da takardar neman aiki, da wa'azin malamai da ake so a juye a faifai. Lokacin zaɓe kuwa sai fastocin masu neman kansila, kowa yana so a haskaka masa fuska a ƙara masa kumatu. Kwamfutar a da fara ce, ta zo ta koma kalar kunun kanwa, in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama miƙa. Duk da haka da ita na yi aure, da ita na yi rufin kwano.

Adda tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muke ce wa Yafendo. Tun ina ƙarami ta bi mijinta aikin Hajji suka yi zamansu a Makka, ba ta sake tako ƙafarta gida ba. Dukansu biyu ba sa rubutu, wasiƙa kuwa sai an nemi mai rubutawa an nemi mai karantawa, kafin ta isa mutum biyu sun ji cikinka. Saboda haka kaset suke yi wa juna. Duk shekara in maniyyata sun fara shiri, Adda takan ari rediyon maƙwabta, ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa ta yi ta magana har kaset ya cika. Sai a naɗe shi tare da ƙullin kuka da daddawa a ba wani alhaji. In alhazai sun dawo, ga na Yafendo cikin dabino da bagaruwa. Wata shekara sai Yafendo ta aiko cewa rediyonta ya mutu, yaranta kuma sun ce an daina yayin kaset, sai dai faifai. Aka duba duk dangi aka rasa mai faifai sai ni.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar, an ci sa'a akwai wuta. Ina cikin miƙe wa wani ɗan takara hula sai na ji sallama. Ƙanwata ce mai bi mini, wadda ke aure a Lausu. Adda tana bayanta, ta ja mayafi har goshi, tana duban bango kamar ta zo tayawa. Ba ta taɓa zuwa shagona ba. Na miƙe na rasa inda zan sa hannuna. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa ƙofa. Na jawo mata kujera, ta wuce ta zauna a kan tabarmar sallata.

"Ki tambaye shi," in ji ta ga ƙanwata, alhali ƙafata tana kusan taɓa tabarmar, "abin nasa yana jin Fillanci?"

"Yaya, wai yana jin Fillanci?"

"Ki ce mata har Larabci yana ji."

"Inna, ya ce yana ji."

"To ki ce masa ya kunna ya fita. Ke ma ki fita."

Na sauko da makirfo na ɗora shi a kan wani kwali a gabanta. Na nuna wa ƙanwata inda ake sa baki, ƙanwata ta nuna mata. Na danna, muka fice, na jawo ƙofa amma ban rufe duka ba saboda zafi. Ƙanwata ta shiga kasuwa sayen kayan miya. Ni kuma na zauna a bencin telan da ke maƙwabtaka da ni, mutum mai bakin barkwanci, muka yi ta hira har aka kira la'asar. Ƙanwata na dawowa Adda ta fito tana gyara mayafi.

"Ki ce masa na gama."

Suka tafi neman motar Kibiya. Da na shiga na tarar da ƙwaryar fura da nono a ƙarƙashin teburi, an rufe ta da faifan kaba, ba wanda ya ce mini tawa ce. Na tsayar da ɗaukar, na adana ta da sunan Saƙon Makka, na juye a faifai na kai wa alhajin da zai tafi. Ban saurara ba. Wanda bai taɓa zaman hira a ɗakinta ba, ina shi ina sa kunne a zancenta da 'yar'uwarta? Kunyar nan ba ita kaɗai take ɗauke da ita ba, ni ma ta shafe ni.

Ba a jima sosai ba Adda ta kwanta. Da farko zazzaɓi aka ce, daga baya aka ce abin ya fi haka. Na ɗauko ta zuwa asibiti, na yi ta zirga-zirgar magani. Duk lokacin da na shiga ɗakin sai ta jawo mayafi ta juya fuska bango, ko a ranakun da ba ta iya ɗaga kofi. Ranar ƙarshe na daɗe a tsaye a wajen ƙafafunta. A raina ina cewa yau kam, tunda tafiya ta zo, ko sau ɗaya ne. Leɓenta ya motsa. Ƙanwata ta kai kunne, ta ɗago ta ce, "Yaya, wai ka je ka ci abinci." Na fita don in bi umarni. Kafin in dawo an ja mata zane.

Bayan an share makoki Yafendo ta kira ni a waya, lokacin salula ta fara yawa a hannun mutane. Muka yi wa juna gaisuwa, ta yi kukanta na yi nawa. Can sai ta ce, "Ɗan Adda, faifan nan da ka aiko mini, ka saurara kafin ka aiko?"

"A'a, Yafendo."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Kai ma ita ce sak. To akwai rabonka a ciki. Nawa jikoki sun yi wasa da shi ya karce, ba ya tashi. In kana da shi a injinka ka riƙe shi da kyau."

"Me ta ce, Yafendo?"

"Ba za ka ji a bakina ba. Mai magana ta yi maganarta."

Abu ɗaya ne ya zo mini a rai, wato ta faɗi sunana. Mai hankali da a ranar zai je ya kunna. Ni na kasa. Kullum in zan rufe shago sai in kai kibiyar allon kan Saƙon Makka, in tsaya ina kallon rubutun, sannan in kashe kwamfutar in tafi gida. Tsoro biyu nake ji. Ina tsoron in saurara in tarar babu sunan. Na kuma fi tsoron in saurara ya ƙare, domin muddin ban buɗe ba, Adda tana da sauran magana da ni a duniya. Haka na ajiye shi kamar iri, na ƙi ci na ƙi shukawa, har shekara ta zagayo ta wuce. Kewarta kuwa ba ta ragu ba. Abin mamaki ne mutum ya yi kewar wadda bai taɓa hira da ita ba, amma na yi, har nakan ji ta a ƙirjina in ina cin tuwo.

A tsakiyar wata damina hadari ya haɗo daga gabas da rana tsaka. Ina cikin bugun katin suna, ina sauri in gama kafin a ɗauke wuta, sai tsawa ta faɗi nan kusa. Na ga haske ya gilma ta bayan teburi, na ji ɗas, allo ya yi baƙi. Wari ya tashi kamar an ƙona tayar keke. Na danna, na sake dannawa, ko gurnanin nan nata babu. Mai katin yana tambayata yaushe zai dawo, ni ban ma san yana tsaye ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyi, bai fi tafin hannu ba, masu gyara suna ce masa had-dis. Ni rumbu nake ce masa, domin a nan take zuba duk abin da aka ba ta ajiya. Muryar Adda tana cikinsa, kuma a duk faɗin duniya babu ita a wani wuri. Washegari na nemi izini a makaranta, na naɗe akwatin kwamfutar a bargo na shiga motar Kano. Kwandasta ya ce in sa a but, na ce ko gawata. Na rungume shi a cinya, duk ramin da muka faɗa daga Rano har muka wuce Bunkure sai in ɗaga shi sama kada ya ji.

Mai gyaran da aka yi mini kwatance wani Babarbare ne mai zane a kumatu, shagonsa a wani lungu cike da mushen kwamfutoci har rufi. Yana ɗaga ido ya dubi hancina ya ce, "Wannan hancin na Fulani ne. Shigo, bawa ya zo wurin ubangidansa." Ba ni da ƙarfin ramawa ranar. Ya kwance akwatin, ya sunsuna, ya nuna mini wani babban faranti kore wanda komai ke manne a jikinsa, gefensa ya yi baƙi.

"Malam, madabod ta ƙone. Ita ce uwar kayan, ta kuma tafi da ƙwaƙwalwar da ram. Irin naka an daina kawowa tun tuni. Sai dai a zuba sabbin kayan ciki gaba ɗaya, akwatin kawai za ka mora."

"Rumbun fa?"

"Wane rumbu? Nan ba kasuwar hatsi ta Dawanau ba ce."

Na nuna masa da yatsa.

"Au, had-dis. Wannan sai an gwada."

Ya aika aka kawo sabbin kaya a kwali. Ya ɗaura faranti, ya dasa ƙwaƙwalwa, ya soka ram, hannunsa yana tafiya bakinsa yana zagin Fulani. Daga nan ya jona tsohon rumbuna da wata waya mai faɗi kamar ɗamara, ya kunna. Na kai kunne kusa. Na ji ya fara juyawa a hankali, da 'yar ƙarar nan tasa da na sani, sai na ce alhamdu lillahi. Allo ya kawo rubutu, ya yi kamar zai wuce, sai ya rikiɗe ya zama shuɗi da fararen layuka, ya mutu, ya sake tashi. Ya sake yin haka, ya kuma sakewa.

"Yana da rai," in ji mai gyara, "amma tsarin da ke cikinsa da tsohon gida ya saba, bai san wannan ba. Haka suke yi in an canza musu uwa. Fomat za a yi masa, a share shi tas a zuba sabo. Kafin ka sha ruwa an gama."

Yana magana yana zaro faifai daga aljihun teburi, har ya danna tire ya fito. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. Ya dube ni, ya dubi hannun.

"Lafiya, Malam? Hotunan budurwa ne a ciki? Ka faɗa mini gaskiya, ni ba na kai rahoto."

"Muryar mahaifiyata ce. Ta rasu."

Ya ajiye faifan. Ya gyara hularsa, ya ce, "Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta." Daga nan bai ƙara tsokanata ba sai da aiki ya kusa ƙarewa.

Ya ce akwai wata hanya, sai dai ta fi tsawo. Za a samo wani rumbu na hannu a zuba masa sabon tsari ya ja gaba, tsohon kuma a bar shi yadda yake ya bi baya, ba abin da za a nema a wurinsa sai ajiyar da ke cikinsa. Sabuwar madabod ɗin baki ɗaya gare ta na waya mai faɗin nan, don haka tsohon zai yi tarayya da na'urar faifai a kan waya guda. Ya juya rumbuna, ya sa ɗan hantsaki ya zare wata 'yar baƙar roba da ba ta kai ƙwayar wake ba, ya matsar da ita gefe ya mayar. Ya ce da wannan 'yar robar yake gane cewa yanzu ba shi ne babba ba.

"Amma ba na yi maka alkawari," in ji shi. "Abin da tsawa ta shafa, yana iya juyawa cikinsa ya zama fanko."

Ana cikin zuba tsarin aka kira azahar, muka tafi masallacin lungun. Na sha yin addu'a a rayuwata, ta neman aiki, ta neman haihuwa, amma ban taɓa jin kunyar abin da nake roƙo irin na ranar ba. Mutane suna roƙon Aljanna, ni ina roƙon wani ɗan ƙarfe. Na ce, ya Ubangiji, kai ka san abin da ke ciki, ni ban sani ba, kada ka karɓe kafin in ji.

Da muka dawo kwamfutar ta tashi garau, da sauri irin wanda ban saba gani ba. Ya buɗe, sai ga rumbu biyu a jere. Ya danna na biyun. Ya ɗan yi nauyi, sannan kaya suka zubo: katunan aure, takardun neman aiki, kansiloli da kumatunsu, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. A can ƙasa ga Saƙon Makka.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne. Kada ka buɗe."

"Malam, ganin suna ba shi ne ganin kaya ba. In ba a taɓa ba, ba za mu san yana da rai ba."

Na gyaɗa kai, ya danna. Cikin hayaniyar janaretoci da masu rangaɗa kiɗa a lungun, wata mata ta gyara murya ta ce, "Salamu alaikum." Na ce masa ya isa. Ya kashe. Na juya ina karanta wata kalanda ta bara da ke jikin bango, shi kuma ya yi kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin teburi. Ba tare da na tambaya ba ya juye saƙon a faifai biyu ya tura mini.

"Ɗaya a gida, ɗaya a wurin wani ɗan'uwa," in ji shi. "Ku Fulani da a ce saniya ce da tuni kun raba ta garke uku."

A motar komawa na yi wa kaina faɗa. Irin da aka daɗe ana ajiya ƙwaro ne yake cinye shi, na kuwa ga bakin ƙwaron da idona. Washegari bayan la'asar na sallami mutane, na jawo ƙofar shago, na shimfiɗa tabarmar a inda ta zauna, na kunna.

Ina jin Fillanci, ko da yake harshena ba ya juya shi da kyau. Ta fara da gaisuwa, doguwa irin tasu, tana tambaya tana ba kanta amsa. Abin da ya fara dukana shi ne ashe Adda tana da surutu. Ashe tana kwaikwayon mutane. Ta kwaikwayi babana yana cinikin taki, ta yi dariya har da tari. Ta ba da labarin ruwan bana da dawa, da saniyarta da ta karye, da wata ƙawarsu ta ƙuruciya da ta rasu a Rurum. Ni da na san ta da kalma uku-uku, sai ga ta tana zuba kamar an buɗe famfo. Na ji daɗi, na kuma ji kishin Yafendo.

Sai ta zo kan yara. Daga na biyu ta fara, kamar kullum. Wance ta haihu, wane ya shiga sakandare, wane ba ya jin magana. Na sami kaina na tsayar da numfashi yadda nake tsayar da loma. Ta kai kan auta, ta gama da shi, ta yi shiru. Na ce shi ke nan, Yafendo ta tsufa, ta ruɗe. Amma ɗaukar ba ta ƙare ba. A cikin shirun ina jin titi, ga babur, ga keken ɗinki yana tafiya yana tsayawa, ga wani ƙato yana ƙyaƙyata dariya a waje. Sai da na ɗan jima kafin na gane ni ne.

"Kin ji shi nan," in ji Adda, ta sassauta murya kamar mai gudun kada bango ya ji. "Shi ne mai dariyar nan. Dariyar Baffanmu ce, kin tuna? Tsaya in yi shiru ki ji shi da kyau."

Sai na ji ƙarar kwali a kan siminti. Makirfon take turawa wajen ƙofa. Muryata ta ƙara fitowa, ina ba tela wani labari, kalmomin ba sa rarrabuwa, sai tashi da saukar murya. An daɗe a haka. A ƙarƙashin muryata ina jin numfashinta, kuma wuri ɗaya da na yi dariya ita ma ta ɗan yi, ƙasa-ƙasa. Sannan ta jawo kwalin.

"Ya rame, ba ya cin abinci a kan lokaci. Tun yana ƙarami, in na kira yara nakan hango shi ta labulen tsohuwa ya tsayar da hannu a kwano. Yana tsammani ban gani ba." Ta ja hanci. "In kin je Ɗakin Allah ki yi masa addu'a, ki faɗi sunansa da ƙarfi, ke ba abin da ya hana ki. Ni kullum da shi nake farawa, a ciki, sannan in buɗe baki."

Daga nan ta yi sallama, ta ce a gai da yara, a aiko mata da man zafi. Sai motsin tashi, sai muryarta daga nesa tana cewa a ce masa ta gama.

Ban ji sunana ba, ba kuma zan ji shi ba. Na zauna a kan tabarmar har aka kira magariba, ba abin da nake gani sai bakin madafinmu na Unguwar Gai, da ita a tsaye da muciya, da ɗan jim ɗin nan da take yi kafin ta kira na biyu. Duk ƙuruciyata na ɗauka numfashi take mayarwa saboda tuƙi. Ashe jim ɗin nawa ne.

Tsohon rumbun ya ci gaba da aiki a bayan sabon shekara da shekaru, yana riƙe mini katunan mutane, har aka zo zamanin da babu inda za a jona shi. Saƙon yanzu yana wayata, yana wurin ƙanwata, yana wurin 'ya'yana. Rumbun kuma yana cikin akwatina, ban yar ba. Nakan kunna saƙon in kewa ta taso, in ya kai inda ta yi shiru tana saurarona, ni ma sai in yi shiru in saurari numfashinta. Na tambayi telan nan kafin ya rasu ko ya tuna hirar da muka yi, ya ce wace daga ciki. Ni ma na yi ta laluba, har yau na kasa tuna abin da ya ba ni dariya ranar nan, ga ƙofa a buɗe, ita kuma tana zaune a bayana.